Yaro zai fara hokin ƙanƙara: wane kaya za a saya masa, kuma a ina?

Wani bawan Allah daga Ƙofar Marusa a nan Katsina ya aiko mini da tambaya. Ya samu gurbin karatun digiri na uku a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, zai tafi da iyalinsa, kuma ɗansa mai shekara 8 ya ƙwallafa rai a kan wasan hokin ƙanƙara tun da 'yan'uwansa da ke can suka fara turo masa bidiyo. Yana son ya san kayan da ya zama dole a saya, ko zai iya yin odarsu ta intanet tun yana gida don ya rage wa kansa ɗawainiya, da kuma ko akwai laifi idan ya sayi masu ɗan girma yadda yaron zai daɗe yana mora.

Malam, Allah ya kai ku lafiya, ya ba da abin da aka je nema. Zan amsa maka ne da abin da na sani daga zamana a can, inda na yi aiki a shagon kayan wannan wasa, ina gwada wa yara takalma ina yi wa ƙarfen da ke ƙasan takalman washi, kuma na riƙa taimaka wa kocin ƙungiyar yaran unguwarmu.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don a kanta komai ya rataya. Kada ka sayi mai girma. Mun saba idan za a yi wa yaro ɗinkin Sallah a ce wa tela ya ƙara tsawo, ya girma ya tarar, kuma babu asara a ciki, tunda riga in ta yi yawa naɗe hannu kawai za a yi. Kayan hoki ba sutura ba ne, kariya ce, kuma kowane yanki an ƙera shi ne domin ya zauna daidai a kan wata gaɓa ta jiki. Idan ya yi yawa, zai goce daga gurbinsa a daidai lokacin da yaron ya faɗi, wato lokacin da aka saye shi dominsa. Ka tuna abin da ake kare shi daga gare shi. Akwai ƙanƙarar kanta, wadda ba ta da sassauci ko kaɗan. Akwai katangar da ta kewaye filin. Akwai faifan baƙar robar da suke bugawa, wanda suke kira fak, mai faɗin inci 3 da kaurin inci 1, nauyinsa gram 156 zuwa 170, ga tauri. Akwai sandunan sauran yara da ba su iya riƙe su ba tukuna. Sannan akwai ƙarafa masu kaifi a ƙafar kowa. Kayan da ya yi daidai da jikin yaro a yau, ko da na hannu ne mai araha, ya fi sabo dal mai tsada da ake jira ya girma ya cika shi.

Wannan ma ya amsa tambayar oda ta intanet. Kada ka sayi komai kafin ku sauka. Ba a sayen takalmin hoki da hular kwano ba tare da ƙafa da kan mai su ba. Lambar da ke jikin takalmin ba ta yi daidai da ta takalmin makaranta ba, kuma kamfani da kamfani sun bambanta a ƙira. Ga kuɗin jigila da na kwastan da za ka biya a kan abin da yake jibge a kowace unguwa ta garin da za ka, sannan ka sake biyan kuɗin awo a filin jirgi don ka mai da shi inda ya fito. Sanda ma ba ta shiga akwati. Ka bar wurin a akwatinka don daddawa da kuka da yaji, su ne za ka nema ka rasa.

Idan akwai sauran watanni kafin tafiyar kuma yaron ya matsa, abu ɗaya da za ka iya yi a nan shi ne ka nema masa takalmin taya, irin mai tayoyi jere a layi ɗaya da ake samu a wajen 'yan gwanjo, tare da hula da makarin gwiwa, ya riƙa koyo a kan daɓen siminti mai santsi a cikin gida ko harabar makaranta, ba a kan titi ba. Zai koyi tsayuwa a kan siririn abu, da lanƙwasa gwiwa, da tura ƙafa gefe maimakon baya. Birki ne kawai ya bambanta ƙwarai, wannan sai a kan ƙanƙara zai koya. Amma kada ka saya masa sandar hokin ciyawa da aka sani a wasu makarantunmu da sunan share fage. Waccan gajeriya ce, da fuska ɗaya ake bugu da ita, kuma duka na hannun dama ne. Za ta koya masa riƙon da sai an sha wahala kafin a raba shi da shi.

To, kun sauka. Kashin farko na kuɗinka ya tafi a kan abu biyu: takalmi da hula.

Takalmin shi ne rabin wasan. Yaron da takalmi bai zauna masa ba ba zai taɓa iya gudu a kan ƙanƙara ba, kuma abin takaici, shi ba zai san takalmi ne ba, zai ɗauka shi ne bai iya ba. Na sha ganin yaro yana tafe idon sawunsa ya karkace ciki, ƙarafan sun buɗe waje, iyaye suna cewa ai ƙafarsa ce ba ta da ƙarfi. Kusan kullum ba ƙafar ba ce. Ko dai takalmin ya yi masa yawa, ko ya tsufa ya saki, ko ba a ɗaure igiyar da kyau ba. Yawanci takalmin hoki yana sauka da lamba ɗaya zuwa ɗaya da rabi ƙasa da takalmin da mutum yake sawa kullum, a ma'aunin can. Amma kada ka tsaya a kan lissafi, ka sa a auna masa ƙafa biyun a shago, yana sanye da siririyar safar da zai riƙa wasa da ita. Siririya na ce. Iyaye da suka zo daga ƙasar zafi sukan jibga wa yaro safa biyu masu kauri don tsoron sanyi, sai ƙafa ta riƙa yawo a ciki, ta yi bororo, jini ma ya kasa zagayawa, sanyin ya ƙaru.

Ga yadda ake gwadawa. Ya zura ƙafa, ya buga dunduniya a ƙasa ta koma can baya, a ɗaure. Idan ya miƙe tsaye, babban yatsansa ya ɗan shafi gaban takalmin kaɗan, ba tare da ya lanƙwashe ba. Idan ya lanƙwasa gwiwa yadda ake tsayuwar wasa, yatsan ya ja baya ya daina taɓawa. Sannan ya yi tafiya a cikin shagon, kai kuma ka sa ido a kan dunduniyar: idan tana ɗagawa a ciki, takalmin bai yi ba, ko da tsawonsa daidai ne. Yara ba su iya faɗin gaskiyar abin da suke ji ba, musamman in takalmin ya burge su, saboda haka akwai dabara biyu. Ka zaro shimfiɗar cikin takalmin ka sa ya taka ta, za ka ga sauran filin da idonka. Ko ka kwance igiyar gaba ɗaya, ya tura ƙafa gaba har yatsu su taɓa, ka zura yatsanka a bayan dunduniyarsa. Yatsa ɗaya ya shiga da ƙyar, shi ke nan, wannan ne iyakar rangwamen da za a yi wa girma, kimanin rabin lamba. In biyu suka shiga, a sauko ƙasa.

Ka kula da faɗi sosai. Yaranmu da suka tashi da silifa da sandal da yawo ba takalmi, da yawansu tafin ƙafarsu a buɗe yake, kuma takalmin da aka saba miƙo wa kowa, mai harafin D, yakan matse su a gefe. Akwai mai faɗi da ake rubuta wa EE, kamfanin Bauer kuma yana raba wasu nasa zuwa ƙira ta 1 da ta 2 da ta 3. Kuskuren da ake yi shi ne, in yaro ya ce ya matse shi, sai a ƙara lamba, alhali faɗi yake nema ba tsawo ba. Manyan kamfanonin takalmin su ne Bauer da CCM, akwai kuma True. Duk wanda ya zauna wa ƙafarsa shi ne mai kyau. Kuma ka ɗauki na ƙasa-ƙasa a farashi. Na ƙwararru, waɗanda na manya sukan haura dala 1,000, an yi su da tauri ne domin ƙarti masu nauyi da gudu. Yaro mai kilo 27 ba zai iya lanƙwasa su ba, za su hana shi durƙusawa, durƙuson kuwa shi ne asalin gudun. Ka tabbata kuma na hoki ne aka ba ka, ba na masu rawa a kan ƙanƙara ba, waɗanda ƙarfensu yake da haƙora a gaba.

Takalmi na hannu ya halatta, har ma ina ba da shawararsa ga yara, domin ƙafarsu takan wuce shi kafin ya tsufa. Ka matse shi da hannu a wajen idon sawu: in ya lotsa cikin sauƙi, ya mutu, ka ajiye. Ka duba ƙarfen ko ya cinye saboda yawan washi, ka duba ƙusoshin da suka riƙe shi ko sun yi tsatsa, da ramukan igiya ko sun yage.

Wani abin da baƙi ba su sani ba: sabon takalmi yakan zo ba washi. In yaro ya hau ƙanƙara da shi haka, zamewa kawai zai yi ta yi gefe. Ƙasan ƙarfen ba baki ɗaya gare shi ba, ana ɗan rarake tsakiyarsa ne ya fitar da baki biyu, na ciki da na waje, su ne suke cizon ƙanƙara. In mai washi ya tambaye ka zurfin da kake so, ka ce rabin inci, shi ne wanda aka fi farawa da shi. Wasu shagunan kuma za su ɗumama takalmin a wani ɗan murhu nasu, yaro ya sa yana da ɗumi ya ɗauki siffar ƙafarsa. In takalmin irin wanda ake yi wa haka ne, ka yarda, amma kada ka gwada a murhun gida. Ka sayi robar rufe ƙarfe, ka hana shi taka siminti ko matakala da ƙarfe tsirara, taku kaɗan ya isa ya kashe kaifin. Bayan kowane wasa a goge ƙarfen da tsumma ya bushe. Wajen ɗauri kuwa, a ɗan sassauta wajen yatsu, a tsananta wajen da ƙafa take lanƙwasa, kuma kada a zagaya ragowar igiya a ƙwauri. Kai za ka riƙa ɗaure masa a shekarar farko, hannun ɗan shekara 8 ba shi da ƙarfin wannan aiki.

Sai hula. A nan ban yarda da gwanjo ba. Ka sayi sabuwa. Hular da ta taɓa shan mugun duka tana iya tsagewa ta inda ido ba ya gani, sosonta na ciki kuma yana bushewa da shekaru, kuma mai sayarwa ba zai iya ba ka tarihinta ba. A Kanada dole ta kasance da tambarin CSA, wato shaidar cewa an gwada ingancinta, ita da ragar ƙarfen da ke rufe fuska, in ba haka ba ba za a bar shi ya shiga fili ba. A Amurka tambarin HECC ake dubawa, wanda yake ɗauke da ranar ƙarewar aiki, shekara shida da rabi daga ƙira. Hular keke ko ta babur ba ta shiga wannan lissafi. Kada a yi mata fenti, kada a huda ta, yin haka yana soke ingancinta.

A auna kansa da tef ɗin tela, a zagaya ta saman gira. Hulunan ana buɗe su a ƙara ko a rage, saboda haka a nan akwai ɗan wurin girma na halal. Ta zauna a miƙe, bakinta kamar faɗin yatsa ɗaya sama da gira, ba a ture ta ƙeya ba. Kafin a ɗaure igiya ya girgiza kai hagu da dama, sama da ƙasa. In ta motsa ita kaɗai ta yi yawa, in ta sa masa ciwon kai a gefen goshi cikin 'yan mintuna, ƙirar ba ta kansa ba ce, a canza kamfani. Haɓarsa ta zauna cikin ɗan kofin ragar, igiyar ƙasan haɓa kuma yatsa ɗaya kawai ya shiga. Raga tana da nata girman daban da na hula, ya danganta da tsawon fuska. Na fi son raga a kan gilashin roba ga mai koyo, domin ba ta yin hazo, ba ta karcewa, ga araha. Tsada ba ita ce inganci ba a nan. Jami'ar Virginia Tech a Amurka tana gwada hulunan hoki tana ba su taurari tun 2015, ana iya duba sakamakon kyauta a intanet, kuma za ka ga masu matsakaicin farashi sun sha gaban wasu masu tsada. Sai dai ka riƙe wannan: hula tana kare ƙoƙon kai daga fashewa, ba ta hana girgizar ƙwaƙwalwa gaba ɗaya. Duk ranar da ya bugu a kai ya ce yana jin jiri, ko amai, ko haske yana damunsa, wasa ya ƙare a ranar, sai likita ya gani.

Dokokin nan ba a banza aka kafa su ba, kusan kowace da ran wani ko jininsa aka rubuta ta. Bill Masterton ya rasu a watan Janairun 1968 bayan kansa ya bugi ƙanƙara a wasan babbar gasar NHL, ba hula, amma sai 1979 aka wajabta hular ga sababbin 'yan wasa. Makarin wuya ma haka. A 1989 ƙarfen takalmi ya yanki wuyan Clint Malarchuk, golan ƙungiyar Buffalo, Allah ya yi da sauran kwanansa. Ranar 28 ga Oktoban 2023 irin haka ta faru da Adam Johnson na ƙungiyar Nottingham Panthers a wani wasa a Sheffield ta Ingila, shi kuwa bai tashi ba. Bayan rasuwarsa hukumar wasan ta duniya, IIHF, ta wajabta makarin wuya a gasanninta, Amurka ma ta wajabta wa 'yan ƙasa da shekara 18 daga watan Agustan 2024. Kanada ta daɗe da wajabta wa yara, kuma mai tambarin inganci na BNQ ake nema. Ɗan ƙyalle ne mai hana yanka da ake zagaya wa wuya, yana cikin mafi araha a duk jakar, kuma shi ne yara suka fi son cirewa don yana sa su ƙaiƙayi. Idan naka ya cika ƙorafi, akwai rigar ciki da ake ɗinka makarin a jikinta, ita ba a mance ta a gida, ba a kuma cire ta a ɓoye. Robar haƙora kuwa dokarta ta bambanta daga lardi zuwa lardi, ƙungiyar za ta gaya maka, ni dai ina son yaro ya saba da ita tun farko.

Ragowar kayan kariya duk ka nema a na hannu, babu abin kunya a ciki, 'yan ƙasar ma haka suke yi. Akwai shaguna irin su Play It Again Sports da sana'arsu ke nan, ƙungiyoyin unguwa sukan shirya ranar musayar kaya kafin kakar wasa ta fara, kuma da wuya ka rasa maƙwabcin da ɗansa ya girme wa jaka guda. Ƙa'idar gwada su ɗaya ce: kada a bar tazara tsakanin wani yanki da na kusa da shi. Makarin ƙwauri ana auna shi da inci, daga tsakiyar ƙoƙon gwiwa zuwa bakin takalmi. Gwiwa ta zauna a tsakiyar kofinsa. In ya yi tsawo, takalmi zai tura shi sama, kofin ya bar gwiwa, kuma a kan gwiwa mai koyo yake faɗuwa. Wandon nan mai soso ya sauko ya ɗan hau kan kofin gwiwa na makarin ƙwaurin, ta sama kuma ya rufe ƙugu da ƙoda. Ka duba sosonsa na baya, mai kare ƙashin gindi, ka tabbata bai karye ba, domin faɗuwa ta zaune ita ce abincin mai koyo. Sulken kafaɗa, ƙoƙonsa ya zauna a kan kafaɗar, kuma yaro ya iya ɗaga hannu sama ba tare da ya shaƙe shi ba. Ba ya bukatar mai kauri, tunda a Kanada ba a yarda yara su bangaji juna da jiki ba a rukuninsa, sai sun kai rukunin 'yan ƙasa da 15. Makarin gwiwar hannu shi ne aka fi saya da yawa, sai ya zame ya koma tsintsiyar hannu. Ka ɗaura masa ka ja, in ya sauko bai yi ba. Safar hannu ta haɗu da shi, yatsu su kusa kai ƙarshe ba su tokare ba, tafinta kuma ba huda. Gwaji mai sauƙi: ka ajiye sanda a ƙasa ya ɗauka yana sanye da ita.

Makarin gaba, wanda yake zuwa cikin ɗan gajeren wando mai wurin maƙala dogayen safa, shi ma sabo za ka saya, dalilin a fili yake. Akwai na 'yan mata daban, in ƙanwarsa ta ce ita ma sai ta yi, kuma siririn hijabin wasanni yana shiga ƙarƙashin hula lafiya lau, a dai gwada hular tana sanye da shi. Rigar wasa da safar ƙungiya yawanci su suke bayarwa, ka tambaya kafin ka saya.

Sanda ce yaron zai fi zumuɗi a kai, kuma a nan iyaye suke zubar da kuɗi. Akwai sandunan da suka haura dala 300. Ba ya bukatarsu. Ta katako ko mafi arahar na zamani ta wadatar, abin dubawa uku ne. Tsawo: a tsayar da ita a gabansa, bakinta a ƙasa. In yana sanye da takalmin hoki ta kai haɓarsa, in takalmin gida ne ta kai hancinsa. In ta ɗan fi, a yanke ta sama, amma kada a sayi ta manya a datse, domin kaurinta ya fi ƙarfin tafinsa, kuma duk abin da aka yanke yana ƙara mata tauri. Na biyu shi ne lanƙwasa, wadda ake rubuta lambarta a jikin sandar. A can za su ce maka rabin nauyin yaro a ma'aunin fam, mu da muka saba da kilo sai mu ce lambar ta yi kusa da nauyinsa a kilo, ko ta ɗan gaza. Yaro mai kilo 27 zuwa 30, lamba 30 ta yi masa. Na uku, hagu ko dama, kuma wannan yana rikita mutane. Bakin sandar a lanƙwashe yake zuwa gefe ɗaya, kuma sunan yana bin hannun da ke ƙasa ne. Yawancin kociyoyi sun fi son hannun da yaro yake rubutu da shi ya kasance a sama, tunda shi yake sarrafa sandar, shi ya sa za ka ga yawancin 'yan Kanada da sandar hagu suke wasa alhali da dama suke cin abinci. Kada sunan hagu ya sa ka ƙi ta. Ka miƙa masa sanda ba tare da ka ce komai ba, ka sa ya tura wani abu a ƙasa, ka ga yadda hannunsa ya kama da kansa. Sai tef na ƙyalle, a naɗe bakin sandar, a yi ɗan dunƙule a samanta don kada ta suɓuce.

Kayan gola kada ka kusance su. Tsadarsu daban ce, kuma a wannan shekarun ƙungiyoyi sukan ba da aro, yara suna karɓa-karɓa.

Yanzu ga shawarar da za ta iya rage maka rabin duk wannan. Yaran da zai tarar a rukunin 'yan ƙasa da 9, da yawansu tun suna shekara 4 ko 5 suke kan ƙanƙara. In aka jefa shi cikinsu kai tsaye bai iya tsayuwa ba, zai karaya. Ka fara da takalmi da hula kawai, da safar hannu ta sanyi, ka sa shi a ajin koyon tafiya a kan ƙanƙara. Akwai shirin CanSkate a ko'ina cikin ƙasar, kuma hular hoki mai tambarin CSA ɗin nan suke nema, ka ga ba a yi asara ba. A Winnipeg da hunturu cibiyoyin unguwanni suna da filayen ƙanƙara a waje, har kan kogi ake tafiya a wajen da ake kira The Forks, saboda haka wurin maimaitawa ba zai yi wuya ba. Sannan ka nemi shirin First Shift, wanda aka yi domin yara 'yan shekara 6 zuwa 10 da ba su taɓa shiga ƙungiya ba. Da kuɗin rajista guda ake ba yaro kayan Bauer tun daga kai har ƙafa, ƙwararru su gwada masa, a kuma ba shi darasi shida a kan ƙanƙara. Gurabensa suna cika da wuri, ka fara dubawa da zarar kun samu adireshi. In kuɗin rajistar ƙungiya ya yi wa aljihun ɗalibi nauyi, akwai KidSport da Jumpstart masu tallafa wa iyalai marasa ƙarfi, ka nema ba tare da jin nauyi ba, don haka aka kafa su.

Kuma in ya shiga ɗakin canza kaya ya ga babu mai kama da shi, ka gaya masa ba shi ne farau ba. Rumun Ndur, wanda aka haifa a Zariya a 1975, ya buga wa Buffalo da New York Rangers da Atlanta a NHL. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya daɗe yana kyaftin ɗin Calgary, ya ci ƙwallo 625 a gasar, ya ɗauki zinaren Olamfik a 2002 da 2010. Nazem Kadri, Musulmi, ya ci kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, da ƙungiyar Colorado a 2022, ya kuma kai kofin masallacin garinsu, London ta lardin Ontario.

Batun ɗakin canza kaya ya tuna mini abin da na san zai dame ka ko da ba ka tambaya ba. Ba sai ya tuɓe a gaban kowa ba. Ya sa rigar ciki da dogon wandon ciki tun daga gida, hukumar wasan ta Kanada ma tun 2023 ta ce yara su kasance da irin wannan sutura a ɗakin. Ƙananan yara da yawa a gida ake shirya su gaba ɗaya, takalmi da hula da safar hannu kawai ake sawa a filin. Jerin sawa shi ne makarin gaba, makarin ƙwauri, dogayen safa, wando, takalmi, sannan na sama: makarin wuya, sulke, gwiwar hannu, riga, hula, safar hannu a ƙarshe. Ku maimaita a falo kafin ranar farko. Ya shiga banɗaki kafin a fara sawa, ya kuma yi alwalarsa, domin da hunturu rana tana faɗuwa a Winnipeg tun wajen ƙarfe huɗu da rabi, kuma atisayen yamma yakan ci karo da Magariba.

Da an dawo gida a zazzage jakar, kowane lokaci, a baza kayan su sha iska. Gumi ne yake jiƙa su duk da sanyin, kuma in aka bar su a rufe har kwana biyu, warin da za su yi ba ya fita, ƙwayoyin cutar da ke taruwa a ciki kuma suna shiga ɗan ƙaramin ƙurji su zama babban ciwo. Rigar ciki da safa da makarin wuya a wanke bayan kowane wasa. Na hannun da ka sayo, ka wanke su kafin ya fara sawa: sulke da makarai da wando duk suna shiga injin wanki da ruwan sanyi, a shanya su, kada a sa su a na'urar busarwa. Ka riƙa ɗaure ƙusoshin hula lokaci-lokaci, sukan kwance, kuma a farkon kowace kaka ka sake zaro shimfiɗar takalmin ka sa ya taka.